Kwandon da Athol Gatenby Ya Kife

Duk wanda ya taɓa sauke lobsta, ƙaton jatan landen nan na teku, a tashar jiragen ruwan Tarrant Bay ya san Athol Gatenby, ko yana so ko ba ya so. Dogo ne, ƙashi zalla, ga kunnuwa kamar an fita daga mota an manta ba a rufe ƙofofi ba. Shekararsa saba'in da huɗu, hamsin da takwas daga ciki a kan ruwa ya yi su. Hularsa ɗaya ce tal, ta ulu, wadda matarsa Glenys ta saƙa masa kafin ta rasu. Samarin tasha sun rantse in aka jefa hular nan cikin tarko ba sai an ɗaura kan kifi ba, warinta kaɗai ya isa ya tara lobstan Tasmaniya kaf.

Kusan kowa a garin ya koma tarkon ƙarfe da raga, shi kuwa yana nan da kwandonsa na tsumagu. Da sanyi, in an rufe kamu, sai ya shiga fadama ya saro itace, ya jiƙa, ya zauna a rumfar bayan gida yana saƙa, rediyo na ta surutu ba mai sauraro. Kwandon kamar akurkin kaji yake, zagayayye, da baki a sama. Wuyan bakin nan shi ne abin taƙamarsa. Ubansa ya koya masa saƙar, shi kuma ya ƙara tasa dabarar: yakan tanƙwara tsumagun wuyan su nutsa ciki da yatsa biyu fiye da na kowa.

"Abin da ya shiga kwandona," in ji shi, "hannun mutum ne kaɗai ke fitar da shi."

Ya faɗa a tasha, ya faɗa a mashaya, an ce har a wajen jana'izar wani ya faɗa wa fadan coci, alhali fada ba abin da ya tambaye shi sai lafiyar gwiwa. Mutane kan yi dariya. Tsofaffin garin ne kawai ba sa yi, don sun san maganar nan ita ta ci ƙaninsa.

Merv sunansa, Athol ya girme shi da shekara shida. Gajere ne, mai fara'a, irin mutumin da in ya shigo gida kare ma sai ya bar abinci ya zo gaisuwa. Yana da ɗan jirginsa shuɗi, kuma su biyun wuri ɗaya suke zuba kwanduna, gefen wani dutse da ya leƙo daga ruwa, wanda ake kira Haƙorin Tsohuwa.

A farkon kamun 1991 aka yi wa Glenys aiki a ƙugu. Sai Athol ya tashe ta, ya wanke ta, ya haɗa mata shayi, ya jera mata magani a faranti, sannan ya fita. Mutumin da bai taɓa bari rana ta riske shi a ƙasa ba, sai ga shi yana isa Haƙori da hantsi. Kwana goma sha ɗaya yana jan kwanduna suna fitowa fayau. An cinye kan kifin tas, sai ƙashi fari yana lilo a igiya, lobsta kuwa in an samu ɗaya ko biyu an gode. Merv da ke riga shi zuwa da awa huɗu, a hanya suke gamuwa, jirginsa ya nutse da kaya, yana ɗaga masa hannu.

"Yaya, ka makara! Sun ce in gaishe ka!"

Wasa ne. Merv ba ya iya wuce ko turke bai tsokane shi ba. Amma mutumin da bai yi barci ba, matarsa na kwance tana nishi, kuma ya san abin da ya sani game da wuyan kwandonsa, ba ya jin wasa. Lissafi ya yi, kuma lissafin bai da wuya: an ci abincin, ke nan sun shiga. Sun shiga, ba sa ciki, ke nan hannu ne. Hannun wa ke Haƙori da asuba?

A Tarrant Bay ba a kai ɓarawon tarko wurin 'yan sanda. Ba a ma kiransa ɓarawo da baki. Kwando ake ɗauka wanda ba komai ciki, a kife shi a kan turken da mutum ke ɗaure jirginsa, da rana tsaka, kowa na kallo. Wanda ya kife ya sa hannu ke nan, don an san saƙar kowa. Sau uku kacal aka taɓa yin haka a garin. Na ukun Athol ne ya yi.

Merv ya dawo daga sayen mai ya tarar da kwandon. Dariya ya fara yi, yana duban fuskokin mutane ya ga wa zai taya shi. Ba wanda ya taya shi.

"Yaya, wannan wane irin wasa ne?"

"Tambayi hannunka."

"Ni? Ni, Yaya? Kwandonka?"

Athol ya juya ya tafi gida, lokacin maganin Glenys ya yi.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya shirya shi, haka kawai ake yi. Cikin mako guda an yanke wa Merv igiyoyi goma sha huɗu, kwandunan suka zauna a ƙasan teku. In ya zo tasha ya jefa igiyar ɗauri, sai ta faɗa kan katako, kowa na kallon takalminsa. In ya shiga mashaya sai hira ta koma kan yanayi. Kafin bikin Ista ya sayar da jirgin, ya kwashi matarsa Coral suka tafi Queenstown, can yamma cikin duwatsu. Mutumin da aka haifa da gishiri a gira ya koma ramin haƙar tagulla. Shekara talatin da biyu 'yan'uwan nan ba su yi magana ba.

Athol ya ci gaba da rayuwarsa, kuma ba za a ce ya ji daɗinta ba, ba za a ce bai ji ba. Glenys ta warke ta sake kwantawa ta tafi. 'Yarsu ta yi aure a Melbourne, tana kira ranar Lahadi ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci, su duka biyun sun san burodi da man gyaɗa yake nufi. In wani baƙo ya yi suɓutar baki ya tambaye shi ko yana da ɗan'uwa, sai ya ce, "Na taɓa yi."

Ana haka bara wata mata ta zo da mota cike da akwatuna. Shona Kalinic, daga jami'a, ba ta fi talatin da 'yan kai ba. Bincike take yi: tana so ta ɗaura kyamara a jikin tarkuna ta ga abin da lobsta ke yi in ba kowa. Masu jirage suka yi ta zillewa, wannan ya ce ba shi da wuri, wancan ya ce gwamnati ce ta aiko ta leƙen asiri. Athol ne ya tare ta da kansa.

"Ke ce likitar lobsta? In sun yi tari ke ake kira?"

"In sun yi tari kai za a fara kamawa, Baba. Na ga hayaƙin jirginka tun daga kan tudu."

Ya dube ta sama da ƙasa. Rabon da a mayar masa da magana tun Glenys na da rai.

"Zo ki ɗaura a nawa, 'yar nan. Ki ɗauki abin da za ki nuna wa malamanki su san akwai masu ilimi a waje."

Ta ɗaura a kwanduna uku, kowanne da sandar ƙarfe da kyamara a kai da 'yar fitila ja. Mako biyu tana bin sa Haƙori, tana amai a gefe tana rubutu, yana ba ta busasshen biskit yana cewa kifayen wurin sun gode da ciyarwa. Ranar da ta gama, da la'asar ta zo gidansa da kwamfuta, ya share mata gefen teburin kicin, ya ɗora shayi. Har sabuwar riga ya sa, kamar za a nuna bikinsa.

Hoton ya fito ja-ja, ciyawar ruwa na kaɗawa. Ga kwandon zaune a kan yashi, kyakkyawa, ba abin kushewa. Can sai ga wani lobsta ya ɓullo daga ƙarƙashin dutse, yana tafe yana lalube da dogayen ƙahoninsa. Ya zagaya sau biyu, ya hau, ya leƙa, ya sulale ciki.

Athol ya bugi tebur har cokali ya yi tsalle.

"Shi ke nan, ɗan banza! Ka shigo gidan Gatenby!"

Shona ta ɗan tura hoton gaba. Lobstan ya ci, ya ci, ya goge baki. Sannan ya kama saƙar ya hau ta a kife kamar tsaka a rufin ɗaki, ya miƙa ƙafa ya kamo bakin wuyan nan mai zurfin yatsa biyu, ya ja jikinsa ya fito. Ya ɗan tsaya a saman kwandon kamar wanda ya gama cin abinci a gidan surukai yana neman takalminsa, ya sauka ya yi tafiyarsa.

"Mayar baya," in ji Athol.

Ta mayar.

"Wannan ba lafiyayye ba ne. A kowane gari akwai irinsu."

Ta nuna masa na biyu. Ta nuna masa na uku, wata ƙatuwar mace da ta shiga ta fita sau huɗu kamar gidan ubanta. Ta nuna masa wani jibgege da ya zauna a bakin ya hana kowa shiga sai da ya ƙoshi.

"Fitilarki ce ke nuna musu hanya."

"Na yi zaton za ka ce haka. Ga na safe, ba fitila, hasken gari ne kawai."

A na safen ma abin ya fi muni. Layi suke yi wajen fita.

"Na ƙirga, Baba," in ji ta, tana murna irin ta wanda aikinsa ya yi kyau. "A kwandunanka uku, ɗari biyu da goma sha huɗu suka shiga, goma sha tara muka ja. Kar ka ji haushi, ba laifin saƙarka ba ne, na ƙarfen ma haka suke. Ba kurkuku ba ne, gidan abinci ne. Kuma galibinsu da gari ya fara haske suke watsewa. Wanda ya ja da asuba ya same su a kan akushi. Wanda ya kai hantsi kuwa," ta yi dariya, "sai dai ya wanke kwano."

Ba ta san komai ba, baiwar Allah. Sai da ta ɗago kai ta ga fuskarsa.

"Baba? Lafiya?"

"Hantsi kika ce."

"E, kamar ƙarfe takwas haka, in ka..."

"An ci abincin. Ba kowa ciki."

"Haka ne."

Ya daɗe yana kallon kwandon a cikin hoton. Butar shayi ta yi ta kuka a kan wuta har Shona ta tashi ta kashe.

"Za ki iya sa min wannan a waya?"

Kwana uku bai fita ruwa ba, abin da ko ranar da ya karya yatsa bai yi ba. A rana ta huɗu ya dafa lobsta biyu manya, ya sa a akwatin ƙanƙara, ya sa rigar da yake zuwa jana'iza da ita, ya kama hanyar yamma. Awa shida ce in ana gudu, shi kuwa ba ya gudu. Duk hanya yana shirya magana, in ya kai ƙarshenta sai ya ji ba ta yi ba, ya sake daga farko.

Gidan na kan gangare, ƙaramin gidan kwano, duwatsun bayansa tsirara ba ko ciyawa. Coral ce ta buɗe ƙofa. Ta yi furfura, ta ƙanƙance. Ta dube shi har ya fara tunanin ba ta gane shi ba.

"Merv," ta kira ba tare da ta juya ba, "ga wani mai kama da yayanka. Sai dai wannan ya tsufa."

Merv na baranda a kujera, bargo a gwiwa, siririyar robar iska a hanci, tukunyarta a gefe. Ƙurar rami ta gama da huhunsa. Fara'ar nan duk ta zube, idanun ne kawai nasa. Ya kalli Athol, ya kalli akwatin.

"Mene ne ciki?"

"Lobsta. Guda biyu."

"Ka ƙirga da kyau? Kar ka koma gida ka ce uku ne."

Athol ya ajiye akwatin. Duk maganar da ya shirya a hanya ta gudu. Ya ciro wayar, ya yi ta dannawa da ƙaton yatsansa har ya samo wurin, ya miƙa.

Merv ya kalla. Da lobstan farko ya kamo wuyan ya fito, sai dariya ta ƙwace masa, irin tasa ta da, ta juye ta zama tari, har Coral ta fito da gudu ta gyara masa robar. Ya ɗaga mata hannu.

"Sake sa min."

A karo na biyu ba lobstan yake kallo ba. Ya kawo wayar dab da fuska.

"Haƙori ne nan?"

"Gefen kudu."

"Ciyawar nan har yanzu tana nan. Kai." Ya shafa gilashin da yatsa. "Ruwan ya yi kyau."

"Merv. Ba kai ba ne."

"Na sani. Ai ina wurin."

"Na zo ne in ce..."

"Na faɗa maka a tasha. Na faɗa maka a ƙofar gidanka, ka rufe. Na rubuto maka takarda sau biyu. Sai da na'ura ta faɗa maka." Ya tsaya ya ja iska. Kowace jimla sai ya saye ta da numfashi. "Ƙwaron teku ka yarda da shi. To madalla. Da ma shi ka tambaya tun farko."

"Na yi kuskure."

"Kuskure shi ne ka sa gishiri a shayi."

Wata babbar mota ta wuce a ƙasan gangaren.

"Akwai abin da ba ka sani ba," in ji Merv. "Mama. Kwana biyu kafin ta cika, na je asibiti da safe, don na san kai da yamma kake zuwa. Ta riƙe hannuna ta ce, Mervyn, faɗa min gaskiya in tafi da sauƙi, yayanka ba ya ƙarya. Na ce, Mama, ban yi ba. Ta saki hannun ta juya fuska bango. Na zauna ina kallon ƙeyarta. Tsohuwa, duk ta zama ƙashi." Ya ja iska. "Sai na ce, na yi, Mama. Ni na kwashe. Ki yafe min. Ta juyo, ta shafa kaina, ta ce yanzu ka zama ɗana. Da murmushi ta tafi, kowa ya ce ta yi kyakkyawan ƙarshe." Ya miƙo wayar. "Wannan abin naka yana kaiwa can inda take?"

Athol ya karɓa. Ya sa ta a aljihu.

"Zan tsaya a tasha in faɗa," ya ce. "Da rana tsaka. Kowa na ji."

"Ka faɗa wa wa? Clarrie Dunn, da ya tofa yawu a gabana? Yana ƙasa. 'Yan Hurst da suka yanke min igiya? Ɗaya teku ta ci, ɗayan ko sunansa ba ya tunawa, an ce cokali ake ba shi a baki. Wa ya rage?"

"Duk da haka."

"Yi abin da ka ga dama, Athol."

Athol. Tun Merv na rarrafe bai taɓa kiransa da suna ba.

"Coral, ba shi shayi kafin ya kama hanya. Hazo na saurin sauka a dutsen nan."

Ya sha shayin a tsaye a kicin. Coral ta buɗe akwatin ta duba, ta rufe. Ta ce za ta ba maƙwabta, Merv bai sa lobsta a baki ba tun da suka baro gaɓa.

Ranar Asabar da rana tsaka jirage biyar na sauke kaya a tashar Tarrant Bay. Motar kamfanin da ke sayen lobsta ta ja baya tana jira, injinta na ruri. Athol ya zo cikin rigar jana'izarsa ya nemi turken Merv, sai a lokacin ya tuna an rushe tsohuwar tashar tun shekara ashirin da suka wuce, an zuba siminti, turakun duk na ƙarfe ne iri ɗaya. Ya ƙiyasta wurin da ido. Ya jawo akwatin kifi, ya hau da ƙyar.

"Jama'a!"

Aka ɗago. Wani ya ce, "Ga shi nan, za a yi mana wa'azin kwando." Aka yi dariya. Da aka ga fuskarsa aka bari.

"Ni, Athol Gatenby, na kife wa Mervyn Gatenby kwando a nan wurin, a shekarar casa'in da ɗaya. Ƙarya na yi masa. Bai taɓa tarkona ba. Ko sau ɗaya. Ba ɓarawo ba ne, bai taɓa zama ɓarawo ba. Duk wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai ji ba."

Ba wanda ya motsa. Mutum goma sha biyu ne ko sha uku, babbansu bai kai hamsin ba, rabinsu ma ba 'yan garin ba ne. Suka dubi juna. Direban motar ya leƙo ta taga ya duba agogo.

Dale Purton ne ya matso, mai wani jan jirgi, mutumin kirki, yana goge hannu a wando.

"To, Baba. Mun ji. Allah ya ba da haƙuri." Ya ɗan sosa ƙeya, ya rage murya don kar ya kunyata tsoho. "Amma wane ne Mervyn?"

Athol ya buɗe baki. Ya dubi ruwan, ya dubi turakun ƙarfen.

"Ƙanina ne," ya ce.

"Ayya. Ban san kana da ƙani ba."

Direban ya danna ham, akwatin da Athol ke kai na cikin waɗanda za a loda. Ya yi ƙoƙarin sauka, gwiwar ta ƙi. Dale ya miƙa masa hannu ya sauko da shi a hankali, aka ɗauke akwatin aka jefa a mota.